Gasar bin sawu ta cikin birni: an yi mana adalci kuwa a kan maganar Dala?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun ranar Asabar nake danne maganar nan don kada a ce zafin kaye ne, amma ta ƙi dannuwa. Duk wanda ya je gasar ya gani da idonsa, ni da Maman Hanifa mu muka fara shiga Gidan Makama. Har mun zauna mun sha ruwa kafin na bayanmu su ɓullo. Da aka zo lissafi sai aka ce an ci mu tarar minti 30, wai hoton da muka kawo daga kan Dala fuskata ce kaɗai a ciki. Da haka muka koma na huɗu.

Tambayata ɗaya ce. An hau dutsen ko ba a hau ba? Hatimin yaron da aka ajiye a sama yana kan takardarmu. Ai amfanin mutum biyu ke nan, wannan ya kama nan, wancan ya kama can. Ina neman masu adalci su yi magana.

Ɗan Yakasai:
Wa alaikumus salam. Zafin kaye ne wallahi, ka dai bari ya kwana ne kafin ka ɗumama mana shi.

'Yar Zazzau:
Mu da ba mu samu zuwa ba a yi mana bayani mana. Hotuna kawai muka gani, kowa da shuɗin hankici a hannu yana zufa. Yaya tsarin yake?

Mai Usur:
Bari in yi bayani tunda ni na riƙe agogo, ni kuma ake zargi. An taru a Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa ƙarfe 8 na safe. Kowace tawaga mutum biyu ce. An ba kowa takarda ɗaya mai kacici-kacici biyar, kowane yana nuna wani wuri a birni, da ambulan mai kuɗin adaidaita. Ba a yarda ka ƙara ko sisi daga aljihunka ba. Waya don hoto da duba taswira ce kawai, babu kira, babu bincike a intanet. Tambayar mutane a hanya kuwa ka yi iya yinka. Ku za ku zaɓi wurin da za ku fara da wanda za ku ƙare, amma kowa ya tuƙe a Gidan Makama.

Ƙa'ida ta farko a saman takardar, da manyan baƙaƙe: ba a rabuwa. Kowane hoto fuska biyu. Na karanta ta da ƙarfi kafin a tashi, Abban Hanifa yana tsaye a gabana yana ɗaure igiyar takalmi.

Abban Hanifa:
Ban ce ba ka karanta ba. Cewa na yi ƙa'idar ce ba ta da ma'ana a wurin hawan dutse.

'Yar Zazzau:
A kawo mana kacici-kacicin mu gwada kanmu daga zaune.

Mai Usur:
Na farko: ramuka ne ba kabari ba, mai shiga da fari ba ya fita da fari. Na biyu: kasuwar da ta girmi kakan kakanka, ka nemo abin da mahayi ke takawa da abin da ake shafa wa jinjiri. Na uku: ka hau inda Barbushe yake hawa. Na huɗu: dala biyu aka yi a Kano, ɗaya tana nan, ɗaya jirgin ƙasa ya kwashe. Na biyar: ƙofar da baƙin 1903 suka shigo ba da sallama ba.

'Yar Zazzau:
Na farko marinar Ƙofar Mata, na uku Dala, na biyu Kurmi amma ban san kayan ba. Na huɗu ya fi ƙarfina.

Gwanin Lungu:
Na huɗun nan shi ya ci rabin tawagogi. Akwai waɗanda suka tafi Goron Dutse, wai shi ne dala ta biyu. Ban san wane jirgin ƙasa ne zai iya kwashe Goron Dutse ba.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne marina. Ba hoto kawai ake ɗauka a wuce ba, farin hankici ake ba ku ku rina da hannunku. Dattijon da ke kula da ramin ya ce a tsoma, a ɗago, a bari ya sha iska, a sake tsomawa. Da ka ɗago shi daga ruwan baban sai ka gan shi kore-kore, har ka ɗauka an cuce ka. Kana riƙe da shi a iska, a gaban idonka yake juyewa ya koma shuɗi. In ka yi gaggawa ka mayar da shi bai sha iska ba, launin ba ya kamawa. Mutumin kuma ba ya buga hatimi sai ya ga launin da ya gamsar da shi. Na ga wani saurayi yana tsalle-tsalle yana duba agogo, dattijon ya dube shi ya ce, "Yaro, baba ba ya jin sauri." Sau nawa aka mayar da su ban ƙirga ba.

Ɗan Yakasai:
Saurayin nan ba ya da 'ya mai suna Hanifa?

Abban Hanifa:
Ba ni ba ne. Mu muka fara zuwa marina, babu layi, muka gama lafiya. Kada a karkatar da magana.

Malam Na Madabo:
Allah Ya yi muku albarka da wannan shiri. Ni ban iya gudu ba yanzu, amma jikana ya shiga, ya dawo yana tambayata wane ne Barbushe, wato jagoran mutanen Dala na zamanin da, abin da shekara da shekaru ina son ya tambaya. Ku lura, kusan duk inda aka aike ku sawun mutum ɗaya kuke bi. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, shi ya gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa, kuma Gidan Makama da kuka tuƙe a cikinsa mazauninsa ne kafin ya koma sabuwar fada. Allon da ke bakin marinar Ƙofar Mata ma 1498 aka rubuta, ƙarshen zamaninsa ke nan. Badala kuwa ta girme shi nesa, tun Sarki Gijimasu aka soma ta, shi faɗaɗa ta ya yi.

A kan maganarka, ɗana Abban Hanifa, ni ina da tambaya kafin in ce komai. Ita uwargidan ba ta iya hawa ne? Domin idan lalura ce, to hukuncin ya yi tsauri. Matattakalar Dala ba wasa ba ce, musamman in rana ta ɗaga.

Abban Hanifa:
Yawwa Baba, Allah Ya ƙara girma. Abin da nake nufi ke nan. Akwai mai asma, akwai mai juna biyu, akwai mai ciwon gwiwa. Duk sai an tilasta su hawa?

Mai Usur:
Ba a tilasta kowa ba, Baba. An tanadi mafita, kuma tana rubuce. Wanda ba zai iya hawa ba, su biyun su tsaya a gindin dutse wurin yarinyar da muka ajiye, su kawo sunayen ƙofofin Kano 15 da ka, su jira minti 10, a buga musu hatimi. Wata tawaga ta uwa da ɗanta haka suka yi. Sun maƙale a Ƙofar Waika da Kansakali, wani mai facin taya ya tuna musu. Abban Hanifa bai nemi wannan ba. Shi kaɗai ya haye.

Dalilin ƙa'idar kuma ba son wahalar da mutane ba ne. In aka yarda a rabu, da an tashi daga Nassarawa sai ɗaya ya yi yamma ɗaya ya yi arewa, a raba wuraren biyar gida biyu, a haɗu a bakin Gidan Makama. Ba a yi gasar tawaga ba ke nan. Sannan mun tura mutane cikin lungunan da wasunsu ba su taɓa shiga ba, har da 'yan mata da baƙi daga wasu garuruwa. In wani abu ya sami ɗaya, wa zai sani?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Ban so in sa baki ba, amma tunda har an fara yi mini jajen ciwon gwiwa a waya, gara in yi magana. Baba Malam, ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Ina 'yar makarantar firamare muke hawa Dala da sallah.

Ga yadda aka yi. Mun iso gindin dutse kacici-kacici na huɗu bai warwaru ba. Shi ya dage Goron Dutse ne, ni kuma raina bai kwanta ba. Sai na ga wata tsohuwa tana tuyar awara a bakin wani soro. Na ce masa, tsaya in gaida Iya in tambaye ta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi mutanen gida, na tambayi kasuwa. Na karanta mata. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "'Yar nan, ai dalar gyaɗa ce, ku je Ƙofar Mazugal." Ta ce tana yarinya ta gan su da idonta. Na juyo in yi masa albishir, sai na hango bayan rigarsa ya kusa rabin matattakala. Na ƙwala kira, bai waiwayo ba. Na fara hawa, ban yi nisa ba sai ga shi yana saukowa da gudu yana cewa mu tafi, an gama.

Na ce masa hoton fa? Ya ce ba za su duba ba.

Ɗan Yakasai:
Innalillahi! Shari'a ta ƙare. A tashi kotu.

'Yar Zazzau:
"Ba za su duba ba." Anti, Allah Ya ba ki ladan haƙuri.

Abban Hanifa:
To ai ita ma hujjata ta kawo ba ta sani ba. Ku duba da kyau. Ita ta tsaya ta samo Mazugal, ni na hau na samo hatimi, a lokaci guda. Da ba mu yi haka ba da ba mu riga kowa isowa ba. Wannan dabara ce, kamata ya yi a yaba mana. Kuma kun san gaisuwar mata, in an fara ina wuni ba a san ranar gamawa ba.

Maman Hanifa:
Abban Hanifa, gaisuwar nan da kake rainawa ita ta fitar da mu daga Kurmi. Ka faɗa musu ko in faɗa?

Bari in faɗa. Mun shiga kasuwa ana cikin buɗe rumfuna. Ya kafa ido a waya, ɗigon taswira yana tsalle, yanzu ya nuna muna bakin Jakara, an jima ya nuna muna cikin gidan mutane. Lungun Kurmi wani wurin mutum biyu ba sa jerawa, sama kuma rufin kwano ne da buhuna, ina taswira za ta gane. Mun wuce rumfar wani mai tasbaha har ya fara gaishe mu kamar 'yan unguwa. Shi kuma gogan naku duk wanda ya tara sai ya ce, "Malam ina 'yan sirdi?" babu sallama. Sai a nuna masa da haɓa, can. Ina ne can? Ni na tsaya wurin wani dattijo mai sayar da kwarya da ludayi, na gaishe shi yadda ya kamata. Ɗan yaronsa ya haɗa mu da shi, ya kai mu har gaban masu kayan doki, aka sauko mana da likkafa muka yi hoto.

Abin da ake shafa wa jinjiri kuwa shi man zaitun ya ce. Tazargade ne. Kowace mai jego ta san shi, wurin masu kayan ƙamshi da magunguna na je na sayo.

Gwanin Lungu:
Ranka ya daɗe Abban Hanifa, bari in yi maka lissafin da ba za ka so ba. Mu da aka ba na ɗaya, tsakaninmu da ku bai kai minti 20 ba. Hawa Dala da sauka ga mai lafiya, ko da hutu a tsakiya, bai kai ya cinye wannan ratar ba, tunda dama kai ka hau. Jiran da za ka yi mata da ɗan rage saurin da za ka yi a matattakala shi ne kawai asararka. Kofin yana hannunku, kai ka ajiye shi a gindin dutse. Kuma ka hana ta kallon da ya fi komai daɗi ranar. Daga can sama koren tulluwar Babban Masallaci tana gabanka, Goron Dutse yana yamma, birni duk a shimfiɗe.

Abban Hanifa:
Kai kuma da kake magana, wa ka ɗauko abokin tafiya? Direban adaidaita! Mutumin da aikinsa ke nan kullum, zagaya Kano. Wannan ba a ci tararsa ba?

Gwanin Lungu:
Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba babur ɗinsa muka hau ba, kuɗin ambulan muka biya kamar kowa. Babu inda aka rubuta cewa sai wanda bai san gari ba zai shiga. Amfaninsa a tsarin hanya ne. Shi ya ce mu fara da nesa tun cunkoso bai haɗu ba. Muka bi titin BUK muka yi Kabuga da sanyin safiya, muka zagayo ta titin Aminu Kano muka yi Mazugal, muka hau Dala rana ba ta yi zafi ba, muka gangaro Kurmi da ƙafa lokacin kowa ya buɗe. Inda dabararmu ta ci mu shi ne marina, don mun bar ta ƙarshe mun tarar da layi. A cikin Kurmi kuwa shi ma ɗan kallo ne. Direban adaidaita titi ya sani, ba lungu ba.

Ɗan Damagaram:
Ina gaida mutanen Kano. Ni wani abu ne ban gane ba a ƙa'idodinku. An yarda ka tambayi tsohuwa mai awara, amma an hana ka kira kakarka a waya. Ai duk tambaya ce. Mene ne bambancin?

Malam Na Madabo:
Bambancin babba ne, ɗana. Kakarka dole ta amsa maka ko ka yi mata rashin kunya. Mai awara ba ta san ka ba, ba ka da wani haƙƙi a kanta, sai ka nemi amsar da ladabi. Sannan sai ka iya zaɓen wanda za ka tambaya. Da ɗiyar nan ta tari saurayi mai sayar da katin waya, da bai san an taɓa yin dalar gyaɗa ba. Ta duba ta ga mai shekarun da suka kai. Buhunan gyaɗa ake jerawa su yi tsini, ɗaya takan ci buhu har 15,000, suna jiran jirgi ya kai su Ikko. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da shi aka fi danganta su. Yau ka je Mazugal babu ko ɓawon gyaɗa da zai nuna maka, sai a bakin irin su Iya.

Mai Usur, ƙaramin gyara a kan na biyar. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 ne sojojin Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka shigo, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Kabuga aka fi sani, ita ake koya wa yara, amma akwai masu cewa ta Dukawuya ne, kuma ƙofofin maƙwabtan juna ne. Na ji an hana wasu 'yan mata maki don sun yi hoto a Dukawuya. Da ni ne da na karɓa.

Mai Usur:
Na ji, Baba. Zan kai wa sauran masu shiri, in an amince a mayar musu da makinsu. Ba zai canja na ɗaya zuwa na huɗu ba.

Abban Hanifa:
Ah to! Ashe ana iya sake hukunci. Su a duba musu, ni a ƙi duba mini?

Mai Usur:
Su kuskuren namu ne, mun yi tambaya mai amsa biyu. Kai ƙa'ida ka gani ka tsallake.

Na Kurmi:
Ku gafarce ni, ni rumfa gare ni a kasuwar, kuma ina da ƙorafin da ya fi na kofi. Mun ji daɗin ganin yara suna neman sanin garinsu. Amma wasunku ba su kyauta ba. Mutum ya shigo da gudu ya bangaje mai ɗauke da tire, ko sannu babu. Wani ya ɗauki likkafar mutane ya ɗaga ya yi hoto ya dangwarar, bai tambayi mai ita ba, bai sayi ko allura ba. Maƙwabcina dattijo ne, ba ya son a ɗauke shi hoto, sai ganin kansa ya yi a wayar jikarsa. Mu nan wurin neman abincinmu ne. In za a sake, a zo a sanar da shugabannin kasuwa tukuna, a zaɓi rumfuna biyu ko uku da suka yarda, a ɗan saka musu wani abu. Kuma a hana gudu a cikin kasuwa, a yi sauri dai amma ban da gudu.

Mai Usur:
Wannan gaskiya ne Alhaji, kuma mun karɓa. Da masu marina mun yi magana tun kafin ranar, mun biya kuɗin rini. Kurmi ce muka ɗauka za ta wuce haka nan. A ba wa Baba maƙwabcinka haƙuri, wanda ya sa hotonsa kuma don Allah ya cire yau.

'Yar Zazzau:
In an tashi ta gaba a kawo ta Zariya mana. Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan da Kuyambana akwai abin nema, ga tsohon masallacin Juma'a a bakin fada. Ku zo mu ga ko Kanawa za su iya lungun da ba nasu ba.

Ɗan Damagaram:
Birnin Damagaram ma yana nan, duwatsu da lunguna har sai kun gaji. Sai dai ku zo da sanyi.

Mai Usur:
Za a duba. A kan maganar da ta tara mu dai, tara tana nan, Abban Hanifa da Maman Hanifa na huɗu. Ta gaba za a ajiye mai duba hoto a kowane wuri, ba sai an zo ƙarshe ba. Masu son shiga su fara neman abokan tafiya.

Maman Hanifa:
'Yar Zazzau, in kina so mu haɗa.

'Yar Zazzau:
Da gudu ma, Anti. A'a, da sauri, Alhaji ya hana gudu.

Abban Hanifa:
Ba komai. Ɗan Yakasai, ni da kai ke nan.

Ɗan Yakasai:
Ni ina da ciwon gwiwa na gaske. Ka bar ni a gindin dutse wa zai kai ni gida?

Na Kurmi:
Kafin ku watse, akwai tawagar da ta manta shuɗin hankicinta da ƙullin tazargade a kan bencina. Rumfa ta uku in ka wuce masu tasbaha. Mai su ya zo bayan la'asar, kuma ya yi sallama.